Saƙon Fure Zuwa Babankatami

Duk wanda ya zauna a manyan biranen gaɓar teku, kamar Abijan ko Ikko ko Kwatano, ko da na rani ɗaya ne, ya kuwa buɗe ido ya lura da al'adun mutanen da ya sauka a cikinsu, ba zai rasa ganin wata ɗabi'a da suka gada daga Nasara ba, wadda a farkon gani takan ba baƙo mamaki, daga baya kuma, in zama ya yi tsawo, sai ta fara shiga ransa: ita ce ɗabi'ar aika wa mutum damin furanni idan an yi masa haihuwa, ko ya kwanta asibiti, ko an ɗaura masa aure. Har akwai shagunan da ba su da wata sana'a sai wannan. Mutum ya buga musu waya, ko ya taɓa hoton abin da yake so a fuskar wayarsa, ya biya, kafin la'asar yaro ya ɗauka bisa babur ya kai ƙofar gidan wanda aka nufa, da 'yar takarda maƙale a jiki mai ɗauke da sunan mai aikowa.

To, mu ƙaddara wani saurayi Ba'adare, mutumin Babankatami ta cikin gundumar Buza a jahar Tawa, wanda ya bi sawun iyayensa da kakanninsa ya tafi biɗa Abijan bayan an kai gero rumbu, yana tura amalanke ko yana tallan agogo da tabarau, sai ga saƙon murya ya iso masa da asuba cewa iyalinsa ta sauka lafiya a gidan iyayenta, an sami ɗiya mace. Murna ta cika shi, nisa kuma ya yi masa nauyi, domin ba shi da halin zuwa suna. Yana cikin wannan hali ya wuce shagon furannin da ya saba wucewa kullum bai kula ba, sai yau ya tsaya, ya yi ta kallo, yana cewa a ransa ina ma a ce ɗaya daga cikin waɗannan zai iya kwana a ɗakin maijego. Ni ban ga abin dariya a burin nan ba, ban kuma ga alamar lalacewar tarbiyya ba. Mutum ne ya ga wani abu mai kyau, zuciyarsa ta tafi wurin wadda yake ƙauna. Abin da ya kamata shi ne a bi masa hanyar tun daga tushe, a ga inda za ta ɓulle da inda za ta toshe.

Furen da Larabawa suke kira wardi, wanda shi ne sarkin wannan kasuwa, kaso mai yawa na abin da ake sayarwa daga cikinsa a Turai daga Afirka yake fitowa, musamman daga gonakin da suke kewaye da tafkin Naibasha a ƙasar Kenya, da na yankin Ziwai a Habasha, inda ƙasa take da tudu ƙwarai, rana tana da haske amma iska tana da sanyi-sanyi. Ana yanke shi tun bai gama buɗewa ba, a tsoma kararsa cikin ruwa, a shigar da shi ɗakin sanyi wanda awonsa bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba, daga nan mota mai sanyi ta kai shi filin jirgin sama, jirgi ya kwana da shi a hanya zuwa ƙasar Holan. A can, a garin Alsmiya kusa da Amsterdam, akwai kasuwar furanni da ta shahara a duniya, inda ake gwanjo da wani irin agogo wanda farashi yake farawa daga sama yana saukowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. An yi haka ne don kada ciniki ya ja lokaci, tun da yake hajar tana mutuwa ne a hannun masu ita. Cikin kwana biyu ko uku furen da aka yanka a Kenya yana kan teburin wata tsohuwa a Jamus. Sharaɗin dukan wannan al'amari guda ɗaya ne, wato kada sanyin nan ya yanke tun daga gona har hannun mai saye, in kuwa ya yanke na 'yan sa'o'i, to, kwanakin furen sun ragu ke nan.

Yanzu sai mu ɗauko wannan sharaɗi mu aza shi bisa hanyar Adar. A ce dai jirgi ya sauke damin a filin Diori Hamani na Yamai, ko kuwa an yanko wani irinsa daga lambunan da suke bakin kogi a cikin birnin. Motar fasinja da ta tashi da asuba za ta bi ta Doso, ta Dogon Dutsi, ta Birnin Ƙwanni, ta Galmi, ta ci kimanin kilomita 500 kafin ta sauke shi a Madawa. Daga nan sai a bar babbar hanyar da ta nufi Maraɗi da Damagaram, a yi arewa zuwa Buza, tafiyar wajen kilomita 50, sa'an nan a nemi motar kasuwa ko ɗan kabu-kabu wanda zai ƙarasa da shi Babankatami. In a watan Afrilu ne ko Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 har a inuwa, furen zai sunkuyar da kai tun ba a kai Dogon Dutsi ba. In da hunturu ne, busasshiyar iskar nan da take tsattsage leɓe da dunduniya ita za ta tsotse shi. In kuwa da damina ne, sai a roƙi Allah kada ƙoramun da suke gangarowa daga duwatsun Adar su kawo ruwa su tsare hanya, don matafiyin ƙasar nan ya san abin da ake nufi da zaman jiran ruwa ya wuce. Kuɗin da za a kashe a kan wannan wahala kuwa, da an tara shi da ya yi nisa a cikin kuɗin ragon suna.

Akwai kuma mas'alar kwatance. Takardar da kamfanonin aike suke sa mutum ya cika tana neman sunan titi da lambar gida, alhali garuruwanmu na karkara ba da wannan aka san gidajensu ba. Da mutane aka san su. Sai a ce gidan wane ɗan wane, gabas da masallaci, inda gawon nan yake, ko a ce a tambayi gidan maƙera. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin naƙasa, gama baƙon da ya sauka ya faɗi sunan mai gida da na ubansa, yaron farko da ya gamu da shi zai kama hannunsa ya kai shi har zaure, abin da mazaunin babban birni ba ya samu ko daga maƙwabcinsa na jikin bango. Na'ura ce kawai ba ta iya karanta irin wannan adireshi.

Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, Turawa da kansu sun daɗe da gane cewa fure ba abin tafiya mai nisa ba ne a hannun ɗan aike. A shekarar 1908 wani mai shagon furanni a birnin Balin, ana ce da shi Max Hübner, ya kawo shawarar cewa maimakon a ɗora furen a jirgin ƙasa ya isa a yamutse, gara a aika da umarnin kaɗai zuwa ga wani mai shago a garin da ake nufi, shi ya yanko nasa sabo ya kai, daga baya su yi lissafi tsakaninsu. Daga wannan shawara aka kafa ƙungiyar da aka sani daga baya da sunan Fleurop. A 1910 wasu masu shaguna a Amurka suka kafa irinta, suna aika wa juna umarni ta wayar tangaraho, har sunan ƙungiyar tasu, wadda ake taƙaitawa FTD, daga tangarahon ya samo asali; bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, a 1946, aka haɗa waɗannan da ta Ingila aka sami Interflora, wadda ta game ƙasashe masu yawa. Yau intanet ta maye gurbin tangaraho, amma ginshiƙin bai motsa ba: magana ce take tafiya, da kuɗi, da amana.

Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin ciniki a littattafan Malikiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wakilci ne, wanda fuƙaha'u suka halatta, suka shimfiɗa sharuɗɗansa; kuma sayen abin da ba ya gaban ido ne bisa siffantawa, wanda mazhabarmu ta yarda da shi matuƙar an siffanta hajar yadda jahilci zai gushe, in ta zo daidai da siffa ciniki ya lizimta, in ta saɓa mai saye yana da zaɓi. Ashe ke nan abin da saurayinmu ya rasa ba hanyar aika magana ba ce, don wayar tana aljihunsa. Ya rasa mutumin ɗaya ƙarshen ne, wato mai shagon furanni a Babankatami ko a Buza wanda zai karɓi umarni ya zartar. Shi kuwa wannan ba zai samu ba sai in akwai masu saye kullum, da ruwan ban lambu wanda ya wuce bukatar sha da ta dabbobi, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. A ƙasar da ruwan samanta na shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 450 ba, mai rijiya yana da abin da zai shuka wanda ya fi fure kira.

Amma fa idan aka cire furen aka bar tsarin, to, Adarawa malamai ne a cikinsa, domin ƙasar da mazanta suke watsuwa kowane rani zuwa Nijeriya da Kwaddibuwa da Kamaru da Libiya dole ta san yadda ake isar da alheri daga nesa. A da, wasiƙa ce ta ajami ake ba mai komawa gida, da kuɗi ƙulle a cikin tsumma, ya kai wa kowa nasa ba tare da shaida ba. Aka zo zamanin kaset, mutum ya zauna ya gaishe da dangi ɗaya bayan ɗaya, a taru a tsakar gida a saurara. Yau kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana sun buɗe rassa a garuruwan Nijar da wasu biranen maƙwabta, mutum ya zuba kuɗi da hantsi, kafin azahar ƙanensa ya karɓa a reshe mafi kusa, saƙon murya na WhatsApp kuma ya biyo baya yana zayyana yadda za a kashe su: kaza na rago, kaza na atamfa, kaza na itacen wankan jego, kaza a ba inna ta sa a bakin zane. Direban motar kasuwa ma amintacce ne a wannan sha'ani, sau da yawa ba ya karɓar ko dala a kan ƙaramin saƙo, sai dai a ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Kuma kada a ce Bahaushe bai iya tafiya da abu mai saurin lalacewa ba. Goro ya ishe mu hujja. Ba ya tsirowa a ƙasar Hausa ko kaɗan, ɗan kurmi ne, ba ya son zafi, ba ya son iska, in ya bushe ya tashi daga aiki. Duk da haka fatakenmu sun yi ƙarnoni suna ɗauko shi daga Gwanja, daga kasuwar Salaga, bisa jakuna, tafiyar watanni, har Kano da Katsina da Sakkwato, daga can ya haura arewa. Dabararsu ita ce huhu: a shimfiɗa ganyen fita mai faɗi, a jera goron, a rufe, a ɗaure tam, a riƙa yayyafa ruwa, lokaci lokaci kuma a kwance a tsince wanda ya kamu da ƙwaro don kada ya ɓata sauran, a sake ganye. Wannan ilmi ne cikakke, ba ya kasa na masu ɗakin sanyi a wajen hikima, sai dai a wajen kayan aiki. Aka jure wannan wahala kuwa saboda goro yana da ma'ana a wurinmu: da shi ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, da shi ake sallamar malamai bayan addu'a, ana ƙirga shi ƙwarya ƙwarya, wato ɗari ɗari, ana bambanta marsa da minu, fari da ja. Wanda aka miƙa wa farin goro ya san abin da aka faɗa masa ba tare da an buɗe baki ba. Aikin da wardi yake yi a ƙasar Turawa, goro ya riga shi kama shi a nan, ga shi kuma ana raba shi, kowa ya samu ɓari.

Wani shehin malami na jami'ar Kambirij a Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana nazari a arewacin Gana, ya wallafa littafi a 1993 a kan matsayin furanni a al'adun duniya, ya buɗe shi da mamakin yadda bai ga mutanen Afirka ta kudu da Sahara suna noma fure don ado, ko suna kyauta da shi, ko suna yawan ambatonsa a waƙoƙinsu ba, saɓanin mutanen Indiya da Sin da Farisa. Ya danganta wannan da yanayin noma da na tattalin arziki, yana ganin noman fure don ƙawa ɗan yalwa ne da zaman manyan gidaje masu lambu. A ganina ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa, domin lalle ba mu da al'adar yanke fure a sa a kwalba. Amma wanda ya ɗauka daga nan cewa Ba'adare ba ya ganin fure, ko ba ya jin komai game da shi, bai taɓa bin manomi gona ba. Yana ganinsa sarai, har ya fi mai shago iya kallonsa, sai dai yana kallonsa ne kamar yadda ake kallon mai kawo labari.

Hure, yadda bakin mutanen Adar yake faɗinsa, albishir ne ko gargaɗi. Wake ya yi hure, mai gona ya fara lissafin buhu. Kuɓewa ta yi, uwargida ta san miya ta kusa. Auduga, wadda kwarin Majiya ya yi suna da ita har aka kafa injin gurza a Madawa, takan buɗe da safe fara mai ɗan rawaya, kashegari ta koma ja-ja ta faɗi, ta bar ƙwallo a gurbinta. A fadamun Madawa da Galmi, inda albasar nan mai launin shuni take fitowa wadda manyan motoci suke kaiwa har Akara da Abijan, masu neman iri sukan mayar da zaɓaɓɓun albasu ƙasa, su fid da dogon kara mai farin tuntu a kai, fili guda ya yi fari fat, ƙudan zuma suna ta shawagi a kansa. Ban san wani lambun sarki da ya fi wannan kyan gani ba, amma wanda ya sa hannu ya tsinki tuntu ɗaya don ƙawa ya zubar da irin baɗi. Mafi ban tsoro kuma shi ne ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta. Babu tsiron da ya fi shi kyan fure a gonar hatsi, ja mai garwaye da shuni, baƙo ya gani ya yi sha'awa. Alhali tun yana ƙarƙashin ƙasa ya maƙale wa saiwar gero ko dawa yana shan jininta, kafin ya fito fili ya riga ya gama ɓarna, kowane tushe kuma yana zubar da dubban ƙwayoyi masu kamar ƙura waɗanda suke iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jiran shuka. Manomin da ya ga gonarsa ta yi wannan ado, gabansa faɗuwa yake yi. Mutumin da ya tashi da irin wannan sani ba zai yiwu ya ɗauki kyan fure shi kaɗai a matsayin hujja ba, sai ya tambayi abin da yake bayansa.

Itatuwa ma suna da nasu lokaci. Gawo, wanda ya saɓa wa sauran itace, yana kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, sai ruwa ya ɗauke sa'an nan ya yi ganye ya yi fure, ya ba dabbobi 'ya'ya a tsakiyar rani. Bagaruwa tana fid da 'yan ƙananan tuntaye rawaya masu ƙanshi kafin ta ba majema abin jima. Zogala tana yin fari, tumfafiya tana yin nata a kan juji ba wanda ya shayar da ita. Kariya kuwa, mai kumburarren gindi da ruwa mai dafi, wadda take fid da jan fure tun ba ta da ganye ko ɗaya, 'yar ƙasashen Sahel ce da gabashin Afirka da kudancin Larabawa, amma yau masu lambu a Tailan da Taiwan sun tace irinta, ana sayar da ita cikin tukwane a shagunan Turai da Amurka da sunan wardin hamada. Zai yiwu ƙwarai saurayinmu ya ga jikanyarta a shagon Abijan bai shaida ta ba.

Ta fuskar addini babu hani a kan kyautar abu mai ƙanshi, sai ma kwaɗaitarwa. An ambaci raihani a cikin Suratur Rahman da Suratul Waƙi'a a jerin ni'imomi, kuma Imamu Muslim ya ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mayar da kyautar raihani. Larabawa sun girmama furen lalle har suka keɓe masa suna, fagiya. Mutanen Ɗa'ifa kuma suna tatsar wardinsu kowace bazara su fitar da turare da ruwan wardi, irin tsarabar da alhazai suke sha'awar dawowa da ita. Abin lura shi ne, duk furen da ya sami shiga gidan Bahaushe ya shiga ne a surar da za ta jure zafi da ƙura. Ya shiga a kwalbar turare. Ya shiga a jikin kwanukan jere da zanen gado da atamfa, ya shiga a hannun amarya inda mai ƙunshi take zana rassa da ganyaye da lalle ja da baƙi, ya shiga a tulun soborodo, wanda ba komai ba ne illa kwanson furen yakuwa. A 'yan shekarun nan kuma ya shiga a surar furen roba na ƙasar Sin, wanda ake samu a kasuwannin Madawa da Tawa da Ƙwanni, ake jerawa bisa kabad a ɗakin amarya. Masu ilmin boko sukan raina wannan na ƙarshe, ni kuwa ina ganin shaida ce cewa sha'awar tana nan, abin da zai rayu kawai aka zaɓa.

Saura mas'ala ɗaya, wadda ta fi zafin rana da nisan hanya nauyi, ita ce kunya. Haihuwar fari ce, maijego tana gidan iyayenta, ita kanta ba ta nuna ɗoki a kan jaririyar a gaban manya, ba za ta ma kira sunanta ba. Mijin kuwa, ko da yana gari, surukai ne a gabansa, sai ya tsuguna daga nesa ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. A cikin irin wannan gida a ce ɗan kabu-kabu ya yi sallama da damin furanni a hannu, yana cigiyar wance, yana cewa in ji mijinta, mata cike da tsakar gida sun zo barka, to, an jefa yarinyar cikin abin da za ta daɗe ba ta ɗaga ido ba saboda shi. Ba a hana miji ƙaunar matarsa ba, an dai tsara mata ƙofar da za ta bi: ta hannun uwarsa ko ƙanwarsa, a cikin itacen da ya saya na wanka, da kanwar kunu, da kayan yaji, da turmin atamfa, da ɗan turaren da aka cusa a tsakiyar kaya wanda ita kaɗai za ta gane dalilinsa.

Duk da haka akwai abu ɗaya mai rai, mai fure, wanda ƙasar Buza da Keita ta ƙware a kansa fiye da wurare da yawa, shi ne dashe. Bayan farin 1973 da 1974, lokacin da iska take kwashe ƙasar kwarin Majiya tana binne shuka, ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara a 1975 dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita, amfanin gero kuma ya ƙaru a bayyane a tsakaninsu. Wanda ya ratsa kwarin da bazara, sa'ad da itatuwan suka yi farin furensu, ƙanshin da zai shaƙa da dare ba ya saye da kuɗi. A shekarar ta 1975 ne kuma aka mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dashen itace a Nijar. Sai kuma babban aikin Keita da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga baya ya faɗaɗa har cikin gundumar Buza, aka haƙa ramuka a jikin duwatsu, aka jera duwatsu don tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki kuwa mata ne, domin mazan suna wurin biɗa. Matan da suka cika jakunkunan leda da ƙasa da taki, suka raini tsiro tun yana ganye biyu, suka ɗauke shi a ka suka hau dutse da shi, su da 'ya'yansu suna nan a garuruwan.

Saboda haka da saurayin nan zai nemi shawarata, sai in ce ya bar shagon, ya sami inuwa ya kira ƙanensa. Bayan ya gama zayyana rago da goro da atamfa, sai ya ce, "Ƙanena, saura abu guda. Ka gaya wa Inna ta nemo mini reshen lalle wurin masu shi, mai kauri, a dasa a gidanmu bayan ɗaki, inda ruwan wanka yake kwarara." Lalle yana kamawa daga reshe, yana son zafi, ba ya neman ruwa mai yawa in ya kafu, kuma kafin jaririyar ta iya ɗaura zane zai fid da 'yan fararen furanninsa waɗanda ƙanshinsu yake tashi bayan magariba ya cika gida. Ƙanen zai yi 'yar dariya, ya ce, "To, Yaya, an gama." Tsohuwa kuwa, da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, in saƙo ya iso mata ba za ta tambayi dalili ba, za ta ce a gaya wa mutumin Abijan ta ji, Allah shi yi mashi albarka, Allah shi maido shi lafiya. Sa'an nan ta juya ga ƙanen ta ce ya je ya saro ƙaya tun yau, ta magarya ko ta bagaruwa, ya kewaye wurin da kyau kafin a kawo reshen, don awakin gidan ba sa barin ɗanyen ganye ya kwana, maijego kuma sai ta yi arba'in za ta dawo ta gani.